Ƙarin Maɓuɓɓugan Yawu a Kogon Hanci: Sunansa, Yanayinsa da Maganinsa, Tare da Duban Halin Illela

Gabatarwa

Garin Illela yana arewacin Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai, a kan hanyar da ta ratsa Kware da Gwadabawa ta dangana da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Gari ne na kan iyaka, na kasuwa da zirga-zirgar dabbobi da manyan motoci, saboda haka ƙura ba baƙuwa ba ce a wurin, balle a lokacin hunturu. Idan kuma bazara ta kama, zafi da bushewar iska kan sa haɓo ya yawaita ga yara da manya. A irin wannan wuri, mutumin da hancinsa ya toshe, ko ya ga ɗan jini a majinarsa, ba zai ɗauki abin da wani nauyi ba. Galibi kuwa yana da gaskiya, don mura ce ko ƙura, kwana kaɗan ta wuce.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata cuta da ke ɓuya a bayan waɗannan alamomi na yau da kullum, watau ƙarin da ke tsirowa daga ƙananan maɓuɓɓugai masu kama da na yawu a cikin hanci da kogunan ƙashin fuska. Cuta ce da ba a cika samunta ba, har likita kan yi shekaru yana aiki bai ci karo da ita ba. Dalilin kawo ta cikin mujallar harshe da al'ada shi ne, ta tona wani giɓi a kalmomin Hausa na likitanci, kuma giɓin yana iya jawo wa majiyyaci asarar ido ko ganɗa, wani lokaci ma har rai.

Maɓuɓɓugan yawu da kogunan fuska

Yawu, wanda wasu ke kira miyau, yana fitowa ne daga manyan maɓuɓɓugai guda shida, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ta gaban kunnen ita ce babba, kuma ita ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Ban da waɗannan akwai ƙanana ɗaruruwa, masana kan ƙiyasta su tsakanin 600 zuwa 1,000, a warwatse cikin leɓɓa da kumatu da ganɗa da harshe, kowace ba ta wuce ƙwayar gero ba. Gaba ɗayansu sukan samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini.

To, ina ruwan hanci da yawu? Amsar ita ce, fatar da ta shimfiɗe cikin hanci da kogunan fuska tana ɗauke da wasu ƙananan maɓuɓɓugai waɗanda aikinsu shi ne jiƙa hanyar numfashi da majina. Ba yawu suke fitarwa ba, amma ƙirarsu da ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne da na ƙananan maɓuɓɓugan baki. Don haka duk irin ƙarin da zai iya tsirowa a gaban kunne ko a ganɗa, yana iya tsirowa a can ma, kuma likitoci sukan lasafta shi cikin dangin ƙarin maɓuɓɓugan yawu.

Su kuwa kogunan (jam'in kogo ake nufi, ba na kogi ba, ko da yake Hausa ta haɗa su a jam'i ɗaya) ramuka ne masu iska a cikin ƙasusuwan fuska, kashi huɗu a kowane gefe. Akwai na goshi, akwai na tsakanin idanu masu kama da saƙar zuma, akwai na can ciki a gindin ƙwaƙwalwa, sa'an nan akwai na kunci, wanda ya fi su duka girma. Wani likitan Ingila, Nathaniel Highmore, ya bayyana kogon kunci a littafinsa na 1651, shi ya sa tsofaffin littattafan likitanci ke kiransa da sunansa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe siffar wannan kogo a zuci, domin ita ce mabuɗin fahimtar sauran bayanin. Ɗaki ne da zai ci ruwa kamar babban cokali guda. Rufinsa shi ne daɓen da ido ke zaune a kai. Daɓensa shi ne ganɗa da saiwoyin turamen haƙora na sama. Bangonsa na ciki ya raba shi da hanci, na gaba kuma shi ne kunci. Ƙofarsa 'yar ƙarama ce, tana can sama kusa da rufi, tana buɗewa cikin hanci.

Yanayin ƙarin

Wanda ya fi yawa a cikin ƙarin maɓuɓɓugan yawu shi ne wanda likitoci ke kira filiyomofik adinoma. Kalmomin daga Girkanci suke, ma'anarsu ƙarin maɓuɓɓuga mai siffofi da yawa. Tun ƙarni na 19 ake kiransa gaurayen ƙari, domin idan aka yanka shi aka duba a madubin ƙara girma, sai a ga wani sashe kamar bututun maɓuɓɓuga, wani kamar yauƙin kuɓewa, wani kuma kamar guringuntsi. Masanin cututtuka Rupert Willis ne ya yaɗa sabon sunan a tsakiyar ƙarni na 20. A Hausa, gaurayen ƙari ya fi sauƙin faɗa, ya kuma fi bayyana abin, shi za a riƙa amfani da shi a nan. A 1997 masu bincike suka gano cewa da yawa daga irin wannan ƙari suna da tangarɗa a wani ƙwayar gado mai suna PLAG1. Tangarɗar tana faruwa ne a cikin ƙwayoyin ƙarin kaɗai. Ba a gadonta daga iyaye, ba a kuma ɗaukar cutar daga wani.

Mafi yawan gaurayen ƙari a gaban kunne yake fitowa. A cikin ƙananan maɓuɓɓugai kuwa, ganɗa ce babban mazauninsa. Fitowarsa a hanci abu ne mai wuya, a kogon kunci kuma ya fi wuya. Rahoton da har yanzu ake yawan komawa gare shi shi ne na Compagno da Wong, wanda suka buga a Amurka a 1977, kuma majiyyata 40 kacal suka iya tarawa. Sun lura da abubuwa biyu masu ban mamaki. Na farko, mafi yawan ƙarin daga shamakin da ya raba kafofin hanci biyu yake tsirowa, alhali maɓuɓɓugan sun fi yawa a bangon gefe. Na biyu, ƙarin na hanci ya fi na gaban kunne cunkoson ƙwayoyin halitta, yauƙi da guringuntsin kuma kaɗan ne, abin da kan sa mai duba shi ya zaci mugun ƙari ne idan bai yi hattara ba. Ya fi kama manya, 'yan shekara 30 zuwa 60, kuma mata sun ɗan ɗara maza. Yana da 'yan uwa da suka fi shi ƙaranci, irin su mayo'efiteliyoma da onkosaitoma, waɗanda alamominsu da maganinsu kusan duk ɗaya ne da nasa.

Halinsa shi ne girma a hankali, ba zafi, ba zazzaɓi. Idan a hanci yake, alamar farko ita ce toshewar kafa ɗaya wadda ba ta sauya gefe, ba ta kuma tafiya da wucewar hunturu. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin toshewar mura takan yi kai-da-kawo tsakanin kafofin biyu. Daga nan sai haɓo jefi-jefi daga wannan kafa ɗin dai, da majina mai wari idan ƙofar kogo ta toshe. Masu nazarin tsarin sauti za su gane wata alamar tun kafin likita: 'yan hanci, watau /m/ da /n/, sukan fara karkata zuwa /b/ da /d/ a bakin mai cutar, saboda iska ta rasa mafita ta hanci.

Idan kuwa a kogon kunci ya tsiro, labarin ya fi muni, don yana da ɗakin da zai cika kafin kowa ya san da shi. Yana iya shekaru a ciki shiru. Sai ya cika ɗakin sa'an nan ya fara tura bangaye, kuma bangon da ya tura shi ke nuna alamar da za a gani. In ya tura rufi, ido ya turo waje, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. In ya danne magudanar hawaye, ido ɗaya ya riƙa zubar da hawaye ba dalili. In ya tura daɓe, ganɗa ta kumburo, haƙoran sama su yi girgiɗi. In ya tura gaba, kunci ya tasa. Sau da yawa majiyyaci kan fara zuwa wurin mai cire haƙori ko mai maganin ido, a yi ta fama da reshe, tushen yana ciki.

Matsalar suna

Hausa ba ta da talaucin kalmomin kumburi. Akwai maruru, akwai kaluluwa, akwai maƙoƙo, akwai hangum, akwai tsiro, akwai ƙari, akwai kuma daji ko sankara. Kowace tana nuna wuri ko kama ko tsanani. Abin da babu shi ne tagwayen kalmomi tabbatattu da za su raba ƙarin da ke zaune wuri ɗaya cikin kwansonsa da wanda ke cin naman da ke kewaye da shi yana aika 'ya'yansa zuwa huhu da ƙashi. Likitancin zamani kuwa a kan wannan rabo ya ginu.

Masu fassara a asibiti da gidajen rediyo sukan ce "ƙari mara illa". Wannan fassara tana da haɗari. Ƙarin da zai iya turo ido waje ba za a ce ba shi da illa ba, kuma mutumin da ya sayar da akuya ya zo Sakkwato, in aka ce masa abin ba shi da illa, ai ya sami dalilin komawa gida. A ɗaya gefen, in aka ce masa "daji ne", an jefa shi cikin wata matsalar. Sananne ne a ƙasar Hausa cewa mutane da yawa sun yarda daji ba ya son ƙarfe, watau allura ko wuƙar likita tana harzuƙa shi. Wanda ya ji wannan suna yakan guje wa fiɗa, ya koma ga shafe-shafe da hayaƙi. Ke nan suna ɗaya yana sa sakaci, ɗayan yana sa gudu, alhali cutar tana cikin waɗanda fiɗa ke warkarwa sarai.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauko siffar daga gona, inda kowa ya san bambancin shukar da ke tsaye da mai yaɗo. A ce "ƙari mazauni" da "ƙari mai yaɗo". Mazauni bai nuna rashin illa ba, ya dai nuna abin yana wuri ɗaya, ana iya ciro shi. Sai dai wajibi ne a ƙara wa majiyyaci bayani guda: gaurayen ƙari mazauni ne da kan rikiɗe. Alƙaluman da aka saba kawowa game da na gaban kunne sun nuna cewa rikiɗewa zuwa mai yaɗo ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba a shekaru biyar na farko, amma takan kusanci kashi 10 cikin 100 idan ƙarin ya haura shekara 15. Alamar rikiɗar ita ce abin da ya daɗe shiru ya fara girma da sauri, ya kawo zafi ko mutuwar fatar kunci.

Malaman da suka karanta ɗibbu ba za su ji batun tsiron hanci baƙo ba. Likitocin Larabawa suna kiran naman da ke tsirowa a hanci basir ɗin hanci, kuma Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake cire shi a babin fiɗa na littafinsa Attasrif, har ya raba mai laushi da ake iya yankewa da mai tauri da ya ce kada a taɓa. Ƙasar Sakkwato ma tana da nata gadon, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na basir da na ciwon ido. Rabon da Azzahrawi ya yi da ido da hannu, shi ne dai ake yi yau da madubi.

Gano cutar

Toshewar hanci ta gefe ɗaya tana da dalilai da yawa, kuma gaurayen ƙari yana can ƙarshen jerin. A yaro ƙarami, galibi ƙwayar wake ce ko dutsen ado ya cusa. A saurayi mai yawan haɓo, akwai wani ƙari mai cike da jijiyoyin jini wanda yanka shi ba shiri kan jawo zubar jini mai tsanani. A yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, likita zai tuna cutar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Akwai ƙarin da ke tasowa daga tushen haƙori, wanda aka san shi sosai a asibitocin Nijeriya. Akwai kuma noma, mai cin fuskar yara masu tamowa, wadda saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Abin da ya fi wannan duka nauyi shi ne, a ƙananan maɓuɓɓugai kusan rabin ƙarin da ke fitowa mai yaɗo ne, a kogunan fuska ma mai yaɗon ya fi yawa. Saboda haka babu mai ikon cewa mazauni ne da ganin ido.

Matakan binciken uku ne. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai zura siririn madubin leƙe mai fitila ya ga ƙarin, wanda yakan kasance dunƙulalle, mai santsi, fatarsa lafiya lau. Sa'an nan a ɗauki hoton si-ti, wanda aka fara amfani da shi a kan majiyyaci a Landan a 1971. Hoton yana nuna ko ƙashi turuwa ya yi ya sirance, alamar mazauni, ko kuwa cinyewa ya yi, alamar mai yaɗo. Hoton em-ar-ai kuma yana raba ƙarin da majinar da ta taru a bayansa. A ƙarshe a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin bincike. Hoton ne ke fara zuwa kafin gutsurawa, don gudun taɓa ƙari mai jini ko wani abin da ya zubo daga ƙwaƙwalwa.

Magani

Babu ƙwaya ko allura ko hayaƙi da ke narkar da gaurayen ƙari. Maganinsa fiɗa ce, kuma sharaɗinta a ciro shi ɗungurungum tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Likitoci sun koyi wannan darasi da tsada. A farkon ƙarni na 20 sukan tsaga kwanson na gaban kunne su ƙwaƙulo ƙarin kamar ƙwallon mangwaro, sai ya riƙa dawowa ga kashi 20 zuwa 45 cikin 100 na majiyyata. Daga baya aka gane cewa kwanson siriri ne, ƙarin kuma yana da 'yan yatsu da ke leƙowa ta cikinsa, sa'an nan in ya fashe, yauƙinsa yakan shuka kansa a cikin raunin, ya fito a wurare da yawa maimakon ɗaya. Da aka koma cire shi da gefensa, dawowar ta faɗi ƙasa da kashi 5.

A nan ya kamata a yi wa maganar "ba ya son ƙarfe" adalci. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Wanzamin da ya ga ganɗa ko kunci ya kumbura, ya zaci ƙurji ne ya yi sakiya, ba zai sami mugunya ba, kuma ya fasa kwanson ya watsa irin. Haka ma duk wanda ya yanki rabi ya bar rabi, ko da a asibiti ne. Mutanen da suka ga ƙari ya dawo ya fi da muni bayan an taɓa shi ba ƙarya suka gani ba. Fassarar da aka yi wa abin ce ta karkace. Ƙarfen da ya tsaya rabin hanya shi ne abin tsoro. Wanzamai kuwa, da yake su ne ake fara kai wa irin wannan kumburi a ƙauyuka, sun fi kowa cancantar a kai musu wannan bayani cikin girmamawa.

Hanyar shiga ta danganta da girman ƙarin da mazauninsa. George Caldwell na Amurka a 1893, da Henri Luc na Faransa a 1897, kowanne ya bayyana yadda ake shiga kogon kunci ta ƙarƙashin leɓen sama, a huda ƙashi a saman haƙora, ba tabo a fuska. Moure na birnin Bodo a Faransa ya bayyana tsagawa ta gefen karan hanci a 1902, wadda ke ba da fili sosai amma tana barin tabo. A shekarun 1970 aka fito da hanyar ɗage fatar tsakiyar fuska gaba ɗaya ta cikin baki da hanci. Babban sauyi ya zo ne daga aikin Messerklinger da Stammberger a birnin Giraz na Ostiriya, wanda ya bazu a duniya daga tsakiyar shekarun 1980: fiɗa da madubin leƙe ta kafar hanci, ba tsaga a waje, majiyyaci ya koma gida cikin 'yan kwanaki. Yau ita ce zaɓin farko ga ƙarin da bai yi girma ba. Wanda ya riga ya ci ganɗa kuwa, sai an cire wani sashe na ƙashin kunci, baki da hanci su zama ɗaki ɗaya. Daga nan abinci ya riƙa fitowa ta hanci, magana ta koma ta hanci gaba ɗaya, baƙaƙen da ke bukatar tara iska a baki, irin su /b/ da /t/ da /k/, su raunana, har sai likitan haƙori ya ƙera murfin roba da zai toshe ramin. Gashi da haske ba shi ne maganin farko ba. Akan ajiye shi ne don wanda ya rikiɗe, ko wanda ya yi ta dawowa.

Halin kan iyaka

Mutumin Kalmalo ko Araba da ke da wannan cuta zai fara da mai shagon magani, ya sayi maganin mura da na ɗigawa a hanci. Maganin ɗigawar yakan sa fatar hanci ta motse, ya ji sauƙi na ɗan lokaci, wannan sauƙi kuwa shi ke tsawaita jinkiri. Babban asibitin Illela zai iya duba shi ya tura shi gaba, amma hoton si-ti da binciken nama da fiɗar hanci aikin babbar cibiya ne, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ƙa'idar da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya na karkara ya riƙe gajeriya ce: toshewar kafa ɗaya da ta wuce 'yan makonni ba ta jin magani, musamman in da haɓo, ta wuce a kira ta mura.

Ga mutumin Ƙonni, Sakkwato ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, domin Yamai ta haura kilomita 400. Haka nan 'yan Nijeriya sun daɗe suna tsallakawa zuwa asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Wannan kai-da-kawo yana tsayawa cik idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ga mai zazzaɓi, rufewar wata takwas ba ta hana shi samun magani a gefensa. Ga wanda aka cire wa gaurayen ƙari kuwa, tana yanke bibiyar da ake bukata, domin ƙarin yana iya dawowa bayan shekara biyar ko goma ko fiye, kuma madubin leƙe ne kaɗai zai gan shi tun yana ƙarami.

Akwai kuma batun takarda. Wanda aka yi wa fiɗa a Nijar takardarsa da Faransanci take, wanda aka yi wa a Nijeriya tasa da Ingilishi, shi kuwa majiyyacin sau da yawa ba ya karanta ko ɗaya. Likitan da zai gan shi bayan shekara bakwai a ɗaya gefen iyakar yana bukatar sanin abu uku: sunan ƙarin kamar yadda ɗakin bincike ya rubuta, ko an ciro shi da gefensa, da kuma ko ya fashe lokacin fiɗa. Harshen da likitan Sakkwato da na Tawa da majiyyacin suka yi tarayya a kansa shi ne Hausa, saboda haka layi uku na Hausa a bayan takardar sallama, da boko ko da ajami, za su iya ɗaukar waɗannan abubuwa uku su tsallaka da su iyaka.